Sansanin Yaya a Bakin Tabki

Yayana ya dawo daga yaƙin basasa da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da kuma wani shiru da ba mu san shi da shi ba. Kafin ya shiga soja direban babbar mota ne, yana jigilar dawa da gyaɗa tsakanin Kontagora da kasuwannin ƙauye, kuma duk tasha an san shi da barkwanci. A sojan ma tuƙi ya yi. Da ya dawo, sai ya zama idan an buga ƙyauren kwano da ƙarfi ya zabura, ranar kasuwa kuwa ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Yakan zauna a gindin darbejiyar tsakar gidanmu tun hantsi har inuwa ta gudu ta bar shi cikin rana.

Ni ma a lokacin ina gida. Mijina ya rasu ban haihu da shi ba, na gama takaba na dawo ɗakin Inna. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Mu uku ke nan a gidan, kowa da abin da yake haɗiyewa.

Wata rana da kaka wani dogon mutum ya tsaya a zaure ya ce gafara dai. Da Yaya ya ji muryar sai ya miƙe da sauri har takalminsa ɗaya ya fita. Abokinsa ne na soja, Bakambare, Kirista, manomi daga can gaba da Salka. Yaya yana ce masa Kofur, mu ma muka bi. Hausar Kofur ba ta raba mace da namiji, yakan ce wa Inna "ka kwana lafiya", ita kuwa ta amsa tana danne dariya. Ya kwana a wurinmu, da zai koma ya ce Yaya ya raka shi ya ga sabon ƙauyensu. Tsohon ƙauyen ya tafi ƙarƙashin ruwa tun da aka tare kogi a Kainji, aka kwashe su aka mai da su kan tudu.

Yaya ya daɗe a can fiye da yadda ya faɗa mana. Ranar da ya dawo, tun bai wanke ƙafa ba ya kira mu, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya fara zane.

"Nan tudu ne, da ɗorawa da kaɗanya," in ji shi. "Nan kuma ruwa, Inna, ruwa iyakar ganinki. A Kudu na ga wuri irin wannan. Mutane su zo da iyalinsu su kafa tanti, su yi fatsa, su gasa kifi, su huta su koma bakin aiki. Nan ma za a yi."

Ya bi shekara ya rarraba ta. Da sanyi ruwa na cike, lokacin fatsa ne da hura wuta a bakin gaɓa. Da bazara mutanen gari za su gudo wa zafi su zo wanka da shan inuwa. Da damina za a yi rumfuna masu kyau na ciyawa, a zuba duwatsu a hanya inda take caɓewa. Da kaka ga masara ga gyaɗa, ga tsuntsayen ruwa. Ya ce ba watan da za a rufe wurin, domin wurin da ake rufewa mantawa ake yi da shi.

Inna ta dubi zanen ta dube shi. Ta ce, "Mutum da ɗakinsa da gadonsa, ya ɗauki ƙafa ya tafi daji ya kwana cikin tsumma da gangan?"

"Za su zo, Inna."

"Allah ya sa."

Bayan ya fita ta jawo ni kusa. Ta ce, "Zai nemi mai dafa abinci. Ki bi shi. Ba don zancen ya shiga kaina ba. Rabona da jin muryar yaron nan haka tun kafin ya sa kaki."

Haka na tsinci kaina a bakin tabki. Dagacin su Kofur ya ba da tudun ba tare da wata gardama ba. Yaya ya samo tsofaffin tantunan soja da wata tsohuwar babbar mota mai tari kafin ta tashi. Shi da Kofur suka sassabe wurin, suka kafa rumfunan zana, suka haƙa masai can nesa da ruwa, suka gina mini murhu a gindin ɗorawa. Suka sayi kwale-kwale a wurin Sarkawa, masuntan da suka zauna a ƙasan tudun. Kofur ya tashi kusa da kogi, ya iya tuƙi tun yana yaro, saboda haka jirgin a hannunsa yake. Yaya sai a lokacin ya fara koyo.

Matar Kofur ce ta zama abokiyar hirata. Gajeriya ce mai ƙarfi, ba ta da yawan magana, amma ita ta nuna mini rijiyar da ruwanta ba ya ɗoyi da itacen da ba ya hayaƙi. Ranar Lahadi idan sun tashi daga coci takan zo da kunun zaƙi mu zauna muna kallon ruwa. Ni da ban taɓa ganin abin da ya fi rafin bayan gari ba, na daɗe ban saba da shi ba. Da safe yana kwance kamar faranti, da yamma sai ya fara lasar gaɓa. Su kansu Sarkawa sukan ce kogi suka sani, wannan ruwan baƙo ne, ba wanda ya gama sanin halinsa.

Mutane kuwa suka zo. Ba tururuwa ba, amma sun zo. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, wasu daga wurin aikin madatsar ruwa. Akwai wani alhaji ɗan kasuwa da ya zo da katifarsa da butarsa, ya wuni riƙe da sandar fatsa bai kama ko ɗan ƙaramin kifi ba, ya ce tun da ya fara kasuwanci bai taɓa yin asara mai daɗi irin wannan ba. Ina soya karfasa, ina yin farfesun tarwaɗa, idan Sarkawa sun kawo giwan ruwa mu gasa a kan garwashi. Yaya ya yi ƙiba. Na ji shi yana ba baƙi labarin tasha suna dariya har da riƙe ciki. Idan ya je Kontagora ɗaukar baƙi ko sayen kananzir, yakan gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurare shi cewa wurin a buɗe yake rani da damina.

Wajen ƙarshen bazara ruwa ya fara janyewa. Kullum da safe sai mu ga gaɓa ta ƙara nisa. Sai kawunan matattun itatuwa suka fara ɓullowa, baƙaƙe, ba ganye ba ɓawo. Daga nan wani ɗan tsibiri ya fito daura da tudunmu, ga duwatsun murhu a jere uku-uku, ga fasassun tukwane. Bangon laka duk ya narke, amma mai ido zai gane inda ɗakuna suka tsaya. Tsohon ƙauyen su Kofur ne.

Kofur yakan shiga jirgi shi kaɗai da sassafe ya je can, ya ɗan jima ya dawo. Baƙi kuwa da suka ji labari sai kowa ya so a kai shi. Kofur ya kai wasu sau ɗaya ko biyu, fuska ba walwala. Yaya bai lura ba, ko ya lura bai ɗauka da nauyi ba. Shi murna yake yi, ya sami abin da zai ƙara a tsarinsa na bazara.

Rannan wani baƙo ya dawo daga tsibirin rungume da ɗan dutsen niƙa, ya ce zai ajiye shi a falonsa. Matar Kofur tana wurina muna gyaran kifi. Ta dubi dutsen, ta ajiye wuƙa, ta je ta karɓe shi daga hannun mutumin, ta ɗora a kai ta nufi gida. Baƙon ya tsaya baki buɗe. Daga baya ta gaya mini a kan dutsen nan surukarta ta koya mata niƙan dawa.

Bayan baƙin sun tafi, Yaya da Kofur suka zauna a gindin ɗorawa, ni ina wanke-wanke ina jinsu.

Yaya ya ce, "Ruwa zai dawo ya rufe shi, Kofur. Bari mutane su gani, su san an yi gari a nan. Zan hana ɗaukar komai."

Kofur ya ce, "Uwata yana can a binne. Ba na tuƙa mutum a kan uwata yana cin gyaɗa yana zubar da ɓawo."

"Ai da ka faɗa mini."

"Sai na faɗa?"

Can Kofur ya ce ga damina ta kawo kai, gona tana kiransa. A naɗe tantuna sai kaka, domin bai yarda da iskar da ke tashi a kan ruwan nan ba. Yaya ya ce ya riga ya gaya wa mutane ba a rufewa, ba zai zama maƙaryaci ba. Kofur ya miƙe, ya jingina filafilin tuƙi a jikin ɗorawa, ya ce, "To, ga shi nan." Ba su yi zage-zage ba, ba wanda ya ɗaga murya. Amma daga ranar Kofur bai ƙara hawowa tudun ba, matarsa kaɗai ke zuwa, ita ma ba kamar da ba.

Yaya ya daina kai kowa tsibirin, wannan kam ya cika. Sai dai jirgin ya koma hannunsa. An yi ruwan shuka, hanya ta fara lalacewa, baƙi suka ragu. Yana fita da sassafe yana jido duwatsu a kai yana zubawa a inda mota ke kafewa. Na ga shirun nan yana neman dawowa, ina tsoron in ce masa mu tafi gida.

A cikin wannan hali wasu malamai biyu suka zo daga Kontagora. Ɗaya dattijo ne mai furfura, ɗayan matashi, siriri, bai daɗe da aure ba. Ya ce mini ya zo ne ya ga wurin da idonsa, idan ya yi masa, da kaka zai kawo amaryarsa, domin ba ta taɓa ganin babban ruwa ba. Da rana na yi musu tuwon dawa da miyar kuɓewa da bandar tarwaɗa. Ya ci ya ƙara, yana tambayata me na sa a ciki.

Bayan la'asar suka ce suna son a shiga da su su jefa ƙugiya. Sama a washe take, sai ɗan baƙi-baƙi can gabas. Na ce wa Yaya kamar hadari ne. Ya duba, ya ce ba za su yi nisa ba, yana ganin ya taso za su juyo.

Ban taɓa ganin hadari mai sauri irin na ranar ba. Ina kwashe shanya iska ta sauko, ta tumɓuke tanti ɗaya ta yi cikin daji da shi. Ruwan da ke kwance ya tashi ya yi fari fat da kumfa. Na hango jirgin yana ƙoƙarin juyowa, daga nan ruwan sama ya sauko kamar an saki labule, ban ƙara ganin komai ba. Na ruga ƙasan tudu wurin Sarkawa ina kira. Ina isa na iske Kofur ya riga ni, laka har gwiwa, fartanya a hannu. Daga gona ya ga hadarin, ya kuma hango ba jirgi a mashaya. Da iska ta ɗan lafa, shi da wani Basarke suka tura babban jirgi suka shiga.

Sun same su maƙale a reshen wata matacciyar bishiya, Yaya da dattijon malamin. Matashin ba ya nan. Suka yi ta kewayawa har duhu ya fara hana gani, sannan suka dawo.

Na hura wuta na lulluɓe su. Dattijon yana ta salati, haƙoransa na kaɗawa. Yaya ya zauna yana kallon hannuwansa da reshe ya yayyanka. Ya ce igiyar ruwa ce ta ɗaga jirgin ta maka shi a kan kututturen da ke ɓoye, ya tsage. Ya ce ya kamo rigar matashin, ta suɓuce.

"Ina jin yana kira," in ji shi. "Ya daɗe yana kira. Amma kunnen nan, ban san ta wane gefe muryar take zuwa ba. Na yi iyo nan, na yi can."

Washegari da hantsi Sarkawa suka same shi, komarsu ce ta kamo shi. Dattijon ya ce a kai shi gida, iyayensa su gan shi. Muka naɗe shi a tabarma da zanen gado muka sa a bayan mota. Hanya ta zama kunu. Duk inda muka kafe, Kofur da mazan ƙauyensu da suka biyo mu sai su sauko su tura, su sa rassa a ƙarƙashin taya. Ba su koma ba sai da muka hau hanya mai tsakuwa kusa da Salka. Kofur kuwa ya bi mu har Kontagora, ya tsaya daga gefe lokacin da ake sallar gawa, hularsa a hannu.

'Yan sanda sun yi tambayoyinsu, dattijon malamin ya faɗi abin da ya gani, suka ce tsautsayi ne. Yaya ya je gaban mahaifin mamacin ya durƙusa. Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Tashi, ɗana. Kwana ne ya ƙare." Na san Yaya ya fi son a mare shi.

Ni da Inna muka shiga cikin gida gaisuwa. Amaryar tana ƙuryar ɗaki, lallen biki bai gama fita daga farcenta ba. Wata ta raɗa mata ko ni wace ce. Na zaci za ta kau da kai. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke kika dafa musu?"

Na ce ni ce.

"Ya ci abinci kafin ya shiga?"

Na ce ya ci, har ya ƙara.

"Me ya ci?"

Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Yana son kuɓewa." Har yau idan ina kaɗa miyar kuɓewa sai in ji muryar yarinyar nan.

Gari ya yi ta magana. Wasu suka ce mutanen ruwa ne suka karɓi rabonsu, wasu suka ce dama yaƙi ya taɓa kan Yaya, wa zai ba shi amanar rai. Akwai waɗanda suka ci kifina suka yi dariya a gindin ɗorawar nan, suka koma suna cewa tun farko sun san za a rina. Inna ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Sai dai ta rame, kuma ta daina zuwa biki a unguwa.

Da kaka, bayan hanya ta bushe, muka koma kwaso kaya. Ruwa ya dawo ya rufe tsibirin da itatuwan, yana kwance sumul kamar bai taɓa cin kowa ba. Gara ta cinye rumfunan, tantunan sun yi funfuna. Kofur ya hawo tudun ya taya mu naɗewa. Suna cikin ɗaure igiya ya ce, "Da ban ajiye filafilin nan ba, da ni ne a jirgin."

Yaya ya ce, "Da na naɗe tantunan nan lokacin da ka ce, da ba wanda zai shiga."

Suka ci gaba da ɗaure igiya. Yaya ya bar masa tantuna biyu masu ɗan dama ya riƙa rufe hatsi. Matarsa ta rako ni har mota da ƙullin gyaɗa. Ban ƙara taka wurin ba. Na ji an ce daga baya Sarkawa sun hau tudun sun kafa wurin bandar kifi.

Yaya ya koma tuƙi, don dole a ci abinci. Bai koma barkwanci ba, amma yana fita yana dawowa, yana gaisawa da mutane. Kofur yakan zo duk shekara bayan girbi da sabuwar dawa, su zauna a zaure su yi zancen taki da farashin taya. Ni kuma na sake aure, wani tela na aura a nan cikin gari, Allah ya ba ni 'ya'ya.

Wajen lokacin da aka ba mu sabuwar jiha, wata rana aka ɗauki motar Yaya a tasha za ta kai kayan ɗakin wata bazawara Dukku, inda aka ɗaura mata aure. Sai da ya tsaya a ƙofar gidan sannan ya gane gidan su matashin malamin nan ne, bazawarar kuwa amaryar da ya bari ce. Ya ce ya so ya juya, amma an riga an fara fito da gado da kwanuka. Aka loda, mata suka hau baya, aka sa ta a gaba ita da wata gwaggonta, fuskarta a rufe. Da yamma ya biyo ta gidana, ya zauna a kan turmi, ya ba ni labari.

Na ce, "Ta gane ka?"

Ya ce, "Ban sani ba. Ba ta ɗaga mayafi ba, ni ma ban waiwaya ba. Gwaggon ce ta yi ta mita wai ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai."

"Kun isa lafiya dai."

"Lafiya lau. Ko kwano ɗaya bai lotse ba."

Na zuba masa ruwa ya sha. Ya ɗan zauna yana kallon yarana suna wasa, sannan ya ce gobe yana da lodin Minna da asuba, ya tashi ya tafi.